Duwatsunmu da can bakin teku ne: tafiyar ƙafa cikin tarihin Adar da Maggiya

 

Kwanan baya wani ɗan uwa da ke zaune ƙasar waje ya aiko mana da hotuna. Sun tafi yawon buɗe ido wani gandun daji da ke bakin teku, wuri mai kwazazzabai da duwatsu, an share ƴan hanyoyi na ƙafa, an kafa alluna masu bayanin kowane dutsi da kowane icce, mutane na biyan kuɗi su shiga su yini suna hawa da sauka. Munka kalli hotunan, munka yaba. Sai wani daga cikinmu ya ce in banda ruwan teku, ai duk abin da ke cikin hoton nan akwai shi bayan garinmu. Munka yi dariya. Amma da munka zauna munka bi maganar, sai munka tarar ko tekun ma mun taɓa samu. Shi ya sa yau muke son mu yi tafiyar ƙafa tare da ku, daga ƙasan kwari har bisa fako, mu ga abin da duwatsun nan namu ke riƙe da shi.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ƙonni ya bi Tsarnawa ya miƙe hanyar Tawa, ko ya yi gabas ta Malbaza da Galmi zuwa Madawa, ya san siffar ƙasar. Duwatsu ne masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an bi su da wuƙa, gefensu a tsaye, tsakaninsu kwari mai faɗi inda gonaki da garake suke. Masu taswira na kiran yankin Adar-Dutsi-Maggiya. Mun saba da ganinsu har ba mu ganinsu. Yaro ya tashi yana kiwon awaki gindinsu, ya girma, ya tafi Legas ko Abijan, bai taɓa tambayar me ya sa kawunansu duka daidai suke ba.

Ranar da munka hau, mun fita bayan sallar asuba, lokacin ɗari, da buta biyu na ruwa da ƴan yara uku na gida. Farkon hawa ƙasa ce mai laushi, yumɓu mai ruwan toka. Can tsakiya sai ƙafa ta fara taka farin dutsi mai gari, irin wanda in ka goga shi ga hannu yana barin fari. Nan ne ƙaramin cikin yaran ya duƙa ya ɗauko wani abu, ya ce: “Baba, wa ya kawo kumba bisa dutsi?” Ƙwanson dabbar ruwa ne, ya zama dutsi, zanen jikinsa na nan raɗau. Da munka duba ƙasa da kyau sai ga su birjik, wasu kamar katantanwa, wasu kewayayyu kamar ƙaramar waina da zanen tauraro a bayansu. Makiyaya sun daɗe suna tsintarsu, yara na wasa da su.

Amsar tambayar yaron ita ce mafarin tarihinmu. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da sunka wuce, wani reshen teku ya riƙa shigowa daga arewa, ta inda Aljeriya da Mali suke yau, ya malale wannan babban kwarin da ya haɗa Tawa da Sakkwato. Teku ne marar zurfi sosai, mai ɗumi, yana zuwa yana janyewa. Duk lokacin da ya zauna, ƙwanson halittun da ke cikinsa na taruwa a ƙasa, tsawon zamani ya danne su sunka zama farin dutsi. Ikon Allah ke nan. Inda muke noman hatsi da albasa yau, kifaye da kadoji da wasu manyan dabbobin ruwa sunka yi iyo. Har akwai wata dabbar teku da anka tono ƙasusuwanta kusa da Goronyo ta jihar Sakkwato, masana sunka laƙa mata sunan garin, suna ce mata Goronyosaurus. Wata kuma an sa mata sunan dutsin Igdaman da ke wajen Kawo, nan cikin jihar Tawa.

Wannan farin dutsi shi ne dalilin da ya sa anka kafa masana'antar siminti a Malbaza cikin shekarun 1960, jim kaɗan bayan samun ƴancin kai. Shimfiɗar dutsin ba ta san iyaka ba, ita ce ta ɓulla Kalambaina kusa da Sakkwato, inda su ma suke da tasu masana'antar. Ke nan duk gidan da anka gina da simintin Malbaza, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, akwai ƙwanson tsohon tekunmu cikin bangonsa.

Da munka ƙara hawa, farin dutsi ya ƙare, sai jan dutsi mai nauyi da duhu, marmara mai ƙarfe a ciki. Shi ne murfin. Bayan teku ya janye, koguna sun zubo yashi da laka bisa abin da ya bari, rana da ruwan sama sunka gasa saman har ya yi tauri. Daga nan ruwa ya fara aikinsa. Inda ya samu tsaga cikin murfin sai ya kutsa, ya tarar da ƙasa mai laushi, ya kwashe ta, murfin ya rasa abin da zai zauna a kai ya karye ya gangaro. Haka kwazazzabai sunka buɗe, haka kwarin Maggiya da na Badagishiri da na Keita sunka yi faɗi. Duwatsun da muke gani ragowar shimfiɗa guda ce, shi ya sa kawunansu ke daidai. In ka tsaya bisa ɗaya ka hangi na gabanka, ka san da can ana iya takawa daga nan zuwa can babu gangara.

Bisa fako babu inuwa sai geza da sabara da anza jefi-jefi. Amma ido na kaiwa nesa. Kana ganin garuruwa a jere gindin dutsi, kana ganin layin kore inda korama ta bi, kana ganin ƙurar duk abin da ke tahowa tun yana da nisa. Nan mutum ke gane abin da ya sa kakanninmu sunka zaɓi waɗannan wurare.

Farfesa Djibo Hamani, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya kawo labarin Aznan ramu, mutanen farko da ake tunawa da su a ƙasar, waɗanda sunansu ya fito daga ramu da kogunan dutsi da sunka zauna. Dutsi ya ba su mafaka da wurin hange, kwari ya ba su ruwa da gona, daji ya ba su nama. Ba banza ba har yau wuraren tsafin gargajiya da yawa ke jikin dutsi. Massalata, nan kusa da Birnin Ƙonni, ita ce wadda ta fi shahara. Duk shekara ana taruwa can don arwa da buɗin daji, ana duba abin da shekara za ta zo da shi, na damina da na lafiya, mutane na zuwa har daga Najeriya. Kowa da abin da ya yi imani da shi, mu dai abin da muke cewa shi ne wannan taro na ɗaya daga cikin tsofaffin abubuwan da sunka rage mana a raye daga wancan zamani.

Ƙasa mai kwari da ruwa ba ta rasa masu so. Adar ta daɗe ƙarƙashin ikon Kabi. Wajen shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya sauko da mayaƙan Abzin ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ƙasar. Daga baya, da ya rasa gadon sarautar Agadas wajen 1721, ya dawo Adar ya zauna, ya kafa gidan sarautar da ake kira Sarkin Adar. Zuriyarsa ce daga bisani ta zauna Illela, kuma can sarautar take har gobe. Ga masu karatu na nesa, Illela tamu ta jihar Tawa muke nufi, ba Illela ta bakin iyaka da ke ɓangaren Najeriya ba. Tun daga wancan lokaci rayuwar Adar ta zama zaman Hausawa manoma da Abzinawa masu raƙuma, wata shekara ciniki da auratayya, wata shekara hari. In hari ya taso, dutsi ake nufa da mata da yara da abin da anka iya kora na dabbobi.

Kudu kuma, ƙasar Ƙonni na da nata labarin. A Maratta, nan wajen Galmi, anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a watan Disamba na 1754, kafin iyayensa su koma Dagel. Da rikici ya tsananta tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Gudu kuwa ba ta da nisa da mu. Cikin wannan shekara jama'ar Shehu sunka kai yaƙi Matankari da Ƙonni, sannan anka gwabza a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni. Mutane da yawa na karanta tarihin jihadi kamar abin da ya faru can wata ƙasa, alhali wasu daga cikin matakansa na farko a kan ƙasar da muke takawa anka yi su.

Sai kuma ranar da ba a son tunawa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tabkin Cadi, tana ƙone gari bayan gari. Cikin watan Afrilu sunka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ranar 8 ga watan Mayu sunka faɗa wa Birnin Ƙonni. Ganuwa ba ta tsare ba, an kashe mutane ba adadi, maza da mata da yara, an kwashi wasu bayi, waɗanda sunka tsira sun watsu cikin daji. Su ma shugabannin rundunar ba su kai ƙarshen shekara ba. A watan Yuli, bayan sun harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsai da su, sojojinsu na Afirka sunka juya musu baya sunka kashe su wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Duk wanda ya tsaya bisa tudu ya hangi Ƙonni, ya tuna da wannan rana, ya yi wa mamatan addu'a.

Iyakar da muke tsallakawa kullum ma tana da alaƙa da ƙasa da ruwa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingila. Faransawa sunka ga hanyarsu daga Yamai zuwa Damagaram ta rasa rijiyoyi, sunka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne sunka matso da layin kudu. Da haka dangi guda sunka wayi gari wasu na Faransa wasu na Ingila. Maggiya dai ba ta sa hannu a takarda ba. Daga wajen Buza take tasowa, ta ratso ƙasarmu, ta tsallaka iyaka ta zube tabkin Kalmalo.

Daga bisa dutsi munka gangaro ta cikin wata korama, kuma nan ne zancen ya daina zama na da. Bakin koramar ya fi tsawon mutum biyu, saiwoyin wata bagaruwa na reto a sarari, gefen wata gona ya rufta. Ruwan da ya sassaƙa waɗannan kwaruruka bai gama aiki ba. Bambancin shi ne da can akwai itace da ciyawa bisa fako da ke rage masa gudu. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, ya kashe itace da dabbobi. Jama'a ta ƙaru, gatari ya hau dutsi neman iccen girki, gona ta hau gangare. Yanzu in anka yi ruwa, fako ba ya sha, duka yake turowa ƙasa lokaci guda da yashi da tsakuwa.

Yashin nan ina yake zuwa? Madatsun ruwa na Mozage da Zango, da anka gina kan Maggiya, su ne ke ba da ruwa ga gandun noman rani na Ƙonni ta hanyar matattarar Cerasa. An yi wannan aiki daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, fili ne na sama da hekta 2000, iyalai dubbai ke ci daga gare shi. Kowace damina laka na ƙara cika cikin madatsun, ruwan da suke iya riƙewa na raguwa. Mai alkama ko albasa da ke jiran ruwa a watan Maris, matsalarsa daga kan dutsin da bai taɓa hawa ba ta faro.

Abin farin ciki, mutanenmu ba su zauna sun zuba ido ba. Tun 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya wajen Buza don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 anka buɗe babban aikin Keita da tallafin Italiya, inda mata sunka ɗauki duwatsu a ka sunka jera gangare bayan gangare. A 1989 kuma wasu manoman Illela sun tafi Yatenga ta Burkina Faso, sun ga yadda ake haƙa ƴan ramu bisa fako ana zuba taki. Da sunka dawo sai sunka tuna ai tassa ce, abin da kakanninsu sunka sani, sunka gyara ta. Fakon da ake ganin ya mutu wajen Badagishiri ya koma ba da hatsi, har anka fara sayensa da kuɗi. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun rubuta a kan abin da talakawan Illela sunka yi da tassa da rabin wata. Wannan ma tarihi ne, kuma masu shi da yawa na nan da ransu.

To, me muke so? Ba mu ce gobe a kewaye duwatsunmu da waya a sa mai karɓar tikiti ba. Ƙasarmu na da babban gandun daji na W, wanda anka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, da kwazazzabon Tapowa mai kyan gani. Amma yana da nisa da mu, kuma rashin tsaro ya sa zuwa can ya yi wuya. Namu na kusa, ba ya buƙatar kuɗin mota. Abin da yake buƙata shi ne a san shi.

Malaman lakwal da na makarantun allo na iya ɗaukar yara sau ɗaya a shekara su hau dutsi mafi kusa. Darasin ƙasa, na tarihi da na tauhidi duk suna wuri guda. Ƙungiyoyin matasa da fada-fada da ke shan shayi har dare na iya ware safiya ɗaya. A tafi da dattijo wanda ya san sunan kowane dutsi da kowace korama, a ɗauki muryarsa da waya, domin sunayen nan ba su cikin taswira, cikin kan tsofaffi suke, kuma tsofaffin na tafiya. Magadan gari da sarakuna kuma su duba wuraren da ake fasa dutsi da ɗibar tsakuwa. Neman abinci ne, ba mu hana kowa ba, amma a ware wasu wurare, musamman masu kumba da tsofaffin kufai da kaburbura, a ce nan ba a taɓawa.

Ga wanda zai hau, ga abin da munka koya. Lokacin ɗari ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A fita da sassafe a sauko kafin azahar. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, bisa fako babu rijiya. A sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama da kububuwa, kada a tura hannu ƙarƙashin dutsi. Da damina kada a bi cikin korama ko da sama garau take, ruwan da anka yi can nesa yana iya isowa ba sallama, kuma ya sha cin rayuka da dabbobi. A fara gaida maigari a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tambayi halin tsaro na wurin kafin a tashi, kada a kai dare. Inda mutanen gari sunka ce wurin al'adarsu ne, a tsaya inda sunka ce a tsaya. Kumba kuma a duba, a ɗauki hoto, a bar wa na baya su ma su gani.

Yaron nan da ya yi tambaya mun bar shi ya taho da guda ɗaya. Ya kai ta lakwal, ya ce wa ƴan ajinsu garinsu da can teku ne, sunka yi masa dariya, har sai da malaminsu ya karɓa ya duba ya ce gaskiya ya faɗa. Yanzu su ne ke damun malam da a kai su su gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Ku ma ku faɗa mana: wane dutsi ne kusa da garinku, me ake ce masa, kuma wane labari kunka ji a kansa daga bakin kakanni? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.